Sari ko sufamaket, wanne ya fi wa mai iyali sauƙi a Manchesta?

Maman Hanan:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka daɗe a ƙasar nan. Watanmu biyar kenan da zuwa Manchesta ni da yara uku, maigidan shi ya fara zuwa, aikin jinya yake a asibiti, daga baya muka biyo shi. Muna zaune ta wajen Gorton a irin gidajen nan masu jere, ɗaki biyu a sama, kicin ɗan ƙarami, firij ɗin da muka tarar a gidan kuma firizarsa aljihu uku ce kacal.

Matsalata cefane ce wlh. A Kano ni ban san sayen shinkafa kilo ɗaya kilo biyu ba, wata na ƙarewa zai je Singa ya ɗauko buhun shinkafa da jarkar mai da katan ɗin taliya, gero da wake a Dawanau, kayan miya kuma mu haɗa da maƙociyata a kawo mana kwando daga 'Yankaba mu raba, shikenan hankalina kwance sai ɗan abin da ba a rasa ba. To nan tunda na zo kullum ina hanyar sufamaket, a sati sai in je sau huɗu, in sayo shinkafa 'yar leda kwana uku ta ƙare, mai ɗan kwalba, albasa guda uku a raga, kuma duk shiga ɗaya sai na fito da abin da ban yi niyya ba saboda yara na biye da ni suna nuna wannan suna nuna wancan. Jiya na zauna na tattara rasit ɗin watan nan na lissafa, da na juya shi zuwa naira sai da kaina ya sara.

Wata 'yar Ghana da muke haɗuwa a ƙofar makarantar yara ta ce min ita sari take yi, ta ambaci Costco ta ambaci shagunan 'yan Pakistan na Cheetham Hill, amma ba mu samu mun zauna ba. Shi maigidan cewa yake ai duk ɗaya ne, wai wahalar ɗauko kaya da kuɗin tasi zai cinye ribar, tunda ba mu da mota tukuna. Ni kuma raina bai yarda ba. To dan Allah masu iyali ya kuke yi? Sarin ya fi ko in ci gaba da Aldi ɗina? In sarin ne a ina, kuma me da me ake sara?

Hajiya Binta Longsight:

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannunku da zuwa, Allah Ya sa kun shigo a sa'a Ya raya zuri'a. Shekarata 17 a garin nan kuma duk abin da kika faɗa na yi shi, har juya kuɗi zuwa naira ɗin, wannan ki daina shi tun yanzu don ba zai bar ki ki ci abinci da daɗin rai ba, da fam ake biyan maigidanki da fam za ki yi lissafi.

Ke da maigidan kowa da gaskiyarsa. Akwai kayan da in kika saye su a sufamaket kin cuci kanki, akwai kuma waɗanda in kika sara su kin yi asara. Shinkafa ita ce ta farko, gida mai mutum biyar 'yan Arewa ba a saya masa shinkafa a 'yar leda. Ki je shagunan Indiyawa da 'yan Pakistan, suna nan birjik a Longsight kan Stockport Road, da Rusholme, da Cheetham Hill ɗin da aka faɗa miki, za ki ga buhu mai kilo 10 da mai kilo 20 an jibge su tun daga bakin ƙofa. In dafa-duka kike so ko shinkafa da wake wadda ba ta caɓewa ki nemi wadda aka rubuta easy cook a jikinta, ita ce ta fi kama da 'yar gwamnatin da muka saba, irinsu Tolly Boy. Basmati kuma iri-iri ce, Tilda ta fi tsada, Laila ta fi sauƙi, ni Laila nake saya yarana ba su taɓa bambancewa ba. Ta tuwo da waina kuwa ki nemi wadda ake rubuta pudding rice, gajeriya ce mai danƙo, in ta dahu ta tuƙu kamar ta gida. Mai ki ɗauki KTC mai lita 5, da garin fulawa da semolina duk a nan.

Abin da ya fi ɓata min lokaci a shekarun farko shi ne rashin sanin sunan kaya, ina wucewa ta gaban abin da nake nema ban san shi ba ne. Gero yana nan, bajra suke ce masa, akwai tsabarsa akwai garinsa, da shi nake kunu da fura duk azumi. Dawa juwar ce, tsamiya imli, kuɓewa bhindi, riɗi til, man shanu kuma shi ne ghee ɗinsu duk da ƙamshin bai kai namu na Fulani ba. Zoɓo ki tambayi sorrel a shagon 'yan Jamaika ko na 'yan Afirka. Attaruhu shi ne scotch bonnet. Ranar da na fara ganin garin gero a wani shago a Longsight tsayawa na yi ina jujjuya ledar hawaye na zubo min, lokacin shekarata biyu rabona da kunun tsamiya.

Ki kuma riƙe lokacin azumi, sati biyu zuwa uku kafin a ga wata hatta manyan sufamaket irinsu Asda da Tesco da Morrisons na unguwannin da Musulmi suke da yawa suna karya kuɗin buhun shinkafa da mai da fulawa da dabino, wani lokacin har su fi shagunan Asiya araha. Ni a lokacin nake sayen shinkafar kusan wata huɗu.

Amma fa ki yi hattara da ɗanyen kaya. Zuwana na farko na ga buhun albasa mai kilo 10 da araha na ɗauko har biyu, na ajiye a kicin kusa da hita ban sani ba, kafin sati uku duk ta yi tsiro rabi ta ruɓe tana ruwa, warin sai da ya kama labule. Doya kuma akasin haka, na sayi katan na kai ɗan ɗakin ajiya da ke bayan gidanmu cikin hunturu, sanyi ya buge ta, da na yanka cikin ya yi baƙi-baƙi ya yi laushi, doya ba ta son sanyi ko kaɗan. Gidajen nan namu ba irin sito ɗin gida ba ne, ko dai ɗumi ya yi yawa ko danshi. Albasa buhu ɗaya ya isa, ki sa ta ƙarƙashin bene inda iska ke shiga. Shinkafa da gari kuma kar ki bar su a buhunsu a ƙasa, tsofaffin gidajen nan masu jere ɓeraye na bi ta cikin bango daga gida zuwa gida, ki sayi manyan bokitan roba masu murfi ki juye a ciki.

Madara, burodi, ƙwai, yogot, taliya, tumatirin gwangwani, kayan karin kumallon yara, waɗannan ki bar su a Aldi ko Lidl ɗinki, babu mai sarin da zai doke su a nan, shagunan Asiya ma sun fi su tsada a irin waɗannan.

Baban Sadiq:

Hajiya ta gama magana, Allah Ya ƙara girma. Ni ta ɓangaren Costco zan ɗan ƙara tunda ina da katinsu shekara huɗu kenan.

Farko dai ba kowa ake bai wa katin ba a ƙasar nan, sai mai kasuwanci mai rajista ko mai wasu ayyuka da suka lissafa, irin ma'aikatan lafiya da malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati, to tunda maigidanki ma'aikacin jinya ne zai samu in ya kai shaidar aiki. Ana biyan kuɗin kati duk shekara. Akwai ɗaya a Trafford Park akwai ɗaya a Oldham. Mai kati yana iya shiga da baƙi biyu amma shi zai biya a kanta, saboda haka shawarata kafin ku yanki kati ku bi wani ku je ku gani da idonku. Su Booker kuwa na masu shago da gidan abinci ne, sai da takardun kasuwanci, kar ma ku wahalar da kanku.

Ni abin da yake kai ni can ba abinci ba ne sosai, takardar banɗaki ce da omo da sabulun wanke-wanke da famfas lokacin da ƙaramarmu take sawa, sai man fetur don gidan mansu yana da sauƙi. Kayansu suna da kyau ba laifi, amma kyau daban araha daban. Kuma ku lura da takardar farashi, kuɗi biyu ake rubutawa, ɗaya ba harajin VAT ɗaya da shi, yawancin abinci ba a ɗora masa harajin amma kayan wanki da su lemon kwalba akwai kashi 20 a kai, mutum sai ya kalli na farkon ya ɗauka ya samu banza.

Abu ɗaya da zan roƙi Maman Hanan ta koya, ki daina kallon babban farashi, ki dinga kallon ɗan ƙaramin rubutun da ke ƙasansa, wanda yake nuna kuɗin kilo ɗaya ko lita ɗaya ko giram 100. Duk manyan shaguna suna rubutawa. Da shi kaɗai za ki gane ko babban buhun ya fi araha da gaske, don na sha ganin ƙaramar leda ta sufamaket mai sunan shagon a jiki ta fi babban kwali na wajen sari sauƙi in aka bi kilo. Ni a wayata nake rubuta kuɗin kilo na kaya goma da muka fi ci, duk inda na shiga in duba. In kuna shiga Tesco ku yi Clubcard, kyauta ne, in ba shi farashin da za ku biya daban ne.

Maganar maigida ta kuɗin tasi gaskiya ce in za ku je Trafford Park daga Gorton ku dawo saboda kaya kaɗan. Amma kuna da abin da ya fi wannan a bayan gidanku, kasuwar New Smithfield da ke Openshaw, nan masu shaguna da gidajen abinci suke sarin kayan gwari da kifi. Sammako ake yi, ni bayan sallar asuba nake zuwa, in rana ta ɗaga an watse. Katan ake sayarwa ba a ɓarewa, tattasai, tumatir, attaruhu, agada, lemo. In kun samu gida biyu ko uku kuka haɗa, a markaɗa a tafasa a ƙulla a leda a jefa firiza, an huta da kayan miya na wata guda.

Ummi Salford:

Ni dai Anti zan ɗan saɓa da su Hajiya kaɗan, ku yi haƙuri. Ɗaliba ce ni kuma ni da ƙawata muke zaune, na san ba ɗaya muke da mai yara uku ba, amma abin da na gani shi ne sari yana cin kuɗi a dunƙule, kuma wanda bai daɗe da zuwa ba kuɗin a dunƙulen ne ba shi da su. Wata na biyu da zuwana na biye wa mutane na kashe kusan duk abin da ke hannuna a buhu da katan, sai ga kuɗin haya da na wuta sun taso, ga abinci jibge a ɗaki ga aljihu wayam, sai da na kira gida aka turo min, abin ya dame ni sosai don na san yadda Babanmu yake haɗa kuɗin nan. In za ki fara ki fara da abu ɗaya, wannan watan shinkafa, wata mai zuwa mai, a haka.

Sannan sufamaket ma akwai dabararsa. Da yamma lis suna manna sitika mai ruwan ɗorawa a kayan da kwanansu ya kusa, burodi da kifi da 'ya'yan itace, sai ki samu an zabge rabin kuɗin ko fiye, burodin ki sa a firiza ba abin da yake yi. Alayyahu da kuɓewa na firiza sun fi ɗanye araha kuma ba a zubar da komai. Ki dinga tafiya ke kaɗai in yara suna makaranta, da takardar abin da za ki saya, da jakarki don ana cajin leda. Ranar Lahadi kuma manyan shaguna awa shida kawai suke buɗewa, yawanci ƙarfe huɗu ko biyar sun rufe, na sha zuwa in tarar da ƙofa a kulle.

Ki dinga duba bayan alawa da yogot da kek na yara saboda gelatine, yawanci na alade ne in ba an rubuta halal ko na masu cin ganye ba.

Maman Hanan:

Kai amma na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri Ya bar zumunci. Hajiya wlh bajra ɗin nan na gan shi ya fi sau biyar ban san gero ba ne. Ummi maganarki ta shige ni, don mu ma yanzu muke farfaɗowa daga kuɗin biza da na jirgi.

Saura nama, shi ne ya fi cin kuɗin ma. Yanzu a wani ɗan shagon halal na kusa da mu nake sayen rabin kilo rabin kilo, kazar kuma da an ɗora ta narke, yara ba sa so. Sannan Mamana tana so ta ba wa wani mai zuwa ƙarshen wata saƙo ya taho min da shi, kilishi da dambun nama da man shanu da kuka da daddawa, ya halatta a shigo da su?

Anti Rabi Moston:

Maman Hanan tsaya tukuna, ki kira Mama yau ɗin nan ki ce ta cire kilishi da dambu da man shanu. Doka ta hana shigo da nama da duk abin da aka yi da madara daga Najeriya, ko busasshe ne ko soyayye, in aka gani a filin jirgi ƙwacewa za a yi a zubar, kuma mai ɗauke da kayan yana iya shiga matsala a kan alherin da ya yi miki. Kar ki ɗora wa bawan Allah wannan. Mu dai abin da aka saba taho mana da shi kuka ce da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji da kanwa, a daka a ƙulle da kyau a rubuta sunan kowanne a jiki. Kukar ma da daddawar ana samu a shagunan 'yan Afirka na nan Moston Lane in ta yanke miki, da manja da garin rogo da doyar Ghana, sai dai tsada, kuma daddawar irin ta Yarbawa ce mai danshi.

Nama kuwa nan ne sari yake da riba ta gaske, amma sai da firiza babba irin mai buɗewa ta sama, wannan aljihu ukun naki ba inda zai kai ki. Mu gida biyar ne muka haɗa kai, shekara shida kenan, duk wata biyu muke tara kuɗi kamar adashi, mu yi odar tunkiya biyu a wajen mahauci da katan ɗin kaji, a yanka mana a raba kashi biyar. Ki ce masa mutton kike so ba lamb ba, lamb ɗan rago ne ƙarami, ga tsada ga kitse ga shi ba ya jure miya, mutton shi ne babba mai ɗanɗanon naman gida. Kazar da kike cewa tana narkewa ta gidan gona ce 'yar sati shida, ki tambayi boiler ko hard chicken, tsohuwar kaza ce da ta gama ƙwai, ita ce take ɗaukar wuta kamar kazar Hausa, da ita nake farfesu. Kayan ciki da ƙafar sa da kai duk suna da su amma sai kin tambaya don ba sa jerawa a gaba. In kina da tsanani a kan yanka ki duba shagon da ke da takardar HMC a manne, su ne masu bin diddigin yankan hannu ba tare da an sumar da dabba ba, wasu kuma sun yarda da na HFA, ita ma ƙungiyar tantance halal ce, wannan ku tattauna ke da maigida.

Abu ɗaya da ya taɓa ƙona min rai, wani mahauci da muka fara hulɗa da shi sai ya auna tunkiyar da kitsenta da komai mu biya, sannan ya shiga ciki ya gyara ya fito mana da ita a leda an ƙulle, da muka zo rabo a gidana muka ɗora a sikeli sai ga kusan kilo uku babu, kuma ba kitse kaɗai aka cire ba don cinya ɗaya ba ta cika ba. Na koma na yi masa magana ya ce haka ake yi. Tun ranar muka canza waje, kuma duk wadda aka tura tana tsaye a gabansa ake yankawa, kitsen ma a ba mu abinmu mu soya. Wanda muke zuwa wajensa yanzu mutumin kirki ne, in oda ta yi yawa har gida yake kawowa ba ya karɓar ko sisi, kin ga maganar kuɗin tasi ta faɗi. Da yawan shagunan Asiya ma suna kawo buhu gida in sayayyar ta kai wani adadi, ki tambaya a kanta.

Firizar ba sai sabuwa ba, ana samun ta hannu a shagunan sadaka masu sayar da kayan wuta ko a Facebook, tawa ta hannu ce kuma har yau tana aiki. Ki dai auna wajen da za ki sa ta kafin ki saya, kuma ki sani za ta ɗan ƙara miki kuɗin wuta.

Ɗaya daga cikinmu za ta koma Bradford bayan sallah, gurbinta zai zama babu kowa, in kina so in yi wa sauran magana.

Hajiya Binta Longsight:

Rabi ki sa ta a ciki kawai, ni na tsaya mata. Maman Hanan ranar Asabar in Allah Ya kai mu 'yata za ta kai ni cefane da mota wajen ƙarfe goma, Gorton ba nisa, sai mu biyo mu ɗauke ki in nuna miki shagunan da idonki. Kar ki ɗauko kuɗi da yawa, buhun shinkafa ɗaya da mai da garin gero ya isa na wannan karon kamar yadda Ummi ta ce. Ki bar yaran wajen babansu in yana gida, ki taho da rasit ɗin nan da kika tara mu duba tare a mota, sannan ki leƙa ƙarƙashin benenku ki ga ko bokiti biyu za su shiga.

Maman Hanan:

In sha Allah Hajiya, yana hutu ranar Asabar ɗin. Na leƙa yanzu, akwai injin shara da akwatunanmu a wajen, zan hau da akwatunan saman wadirof, biyu za su shiga har da albasar. Na kira Mama ma, ta ce kilishin an riga an saya, za ta raba wa su Yaya.